Rabin Maganar da Na Haɗiye a Gashuwa

A wurin sunan da aka yi a gidan nan bara, ina zaune a zaure na ji ɗayanku, ku yaran gidan nan, yana ba abokansa labarin mahaifina. Ya ce a Nguru an yi wani tsoho da yake lulluɓe bututun ruwa da buhu don kada ƙanƙara ta kama shi, a garin da rana take ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, shi ya sa ake ce masa Baba Ƙanƙara. Aka yi dariya, ba ta mugunta ba. Na bar gyaran sai yau saboda akwai baƙi. Amma labarin nan rabi ne, kuma na san inda ɗaya rabin ya shiga, domin a bakina ya ɓace.

Mahaifina, Malam Garba, Bakano ne. Ya biyo leburorin da suka shimfiɗa hanyar jirgi har ta ƙare a Nguru, da aiki ya ƙare bai koma gida ba. Ya shiga wani kamfanin Turawa mai sayen gyaɗa da fata, aka haɗa shi da wani tsohon Bature mai haɗa famfo, wanda ake kira Mai Lofe saboda lofen taba ba ya barin bakinsa. Shekara tara Baba yana riƙe masa sifana. Da tsohon ya koma ƙasarsu, duk ruwan kamfanin ya dawo hannun Baba: rijiya, tanki, da bututun da ya shiga gidan manaja da kwatas ɗin ma'aikata. Yana da hanyar aikinsa, kuma ba ya sauya ta don kowa. Ba ya shimfiɗa bututu a sarari. Sai an haƙa rami kamu biyu. Ya shafa wa ƙarfen kwalta, ya naɗe shi da tsofaffin buhunan gyaɗa, ya ɗaure da igiyar kaba, ya bi da toka saboda gara, sannan a mayar da ƙasa. Inda bututu ya fito daga ƙasa zai hau bango, sai ya gina masa riga ta laka da ciyawa. Aikin da wani zai gama a kwana uku, Baba sai ya yi goma a kansa. Amma ba a taɓa kiransa ya koma kan aikin da ya gama ba.

Ɗakinmu yana cikin kwatas ɗin kamfani, kuma akwai famfo taku biyar daga ƙofarmu. Ku da kuka taso kuka ga famfo a banɗaki ba za ku gane girman wannan ba. Mahaifiyata, wadda muke kira Iya, 'yar masunta ce daga Dagona. Tun tana 'yar shekara bakwai take ɗaukar tulu, har wuyanta ya samu wani ciwo da ke tashi duk lokacin sanyi. Famfon nan shi ne hutunta na farko a duniya. Kowace safiya sai ta goge bakinsa da toka har ya yi ƙyalli. Ita da Baba kullum cikin tsokanar juna suke.

"Bakano," takan ce masa, "da ba don famfon nan ba, da tuni na koma wurin kifinmu."

"To ki tafi mana. In kwance shi in biyo ki da shi a kafaɗa."

"Ka zo, mu koya maka shiga kwalekwale. Ka ga ruwan da ba a murɗawa."

Ni ne ɗan fari, saboda haka babu wanda ya taɓa kiran sunana a cikinsu. Baba "kai" yake ce mini. Iya kuwa, tun ranar da na gama makaranta na sami aikin akawu a kamfanin da Baba yake, ta laƙaba mini Akawu, ba ta sake ba har ta bar duniya. Ina da shekara ashirin da 'yan kai a lokacin. Ina da farar riga mai guga da agogon hannu, kuma ni nake yi wa Turawa tafinta in za su yi magana da ma'aikata. Zan faɗi abin da yake raina a wancan zamanin ba tare da ado ba: in Baba ya shigo ofis da kwalta a hannunsa, ya cire takalmi a bakin ƙofa, nakan sunkuyar da kai kan takarda kamar ina neman wani abu.

A shekarar da nake ba ku labari, bayan Yaƙin Duniya na biyu da 'yan shekaru, kamfani ya buɗe reshe a Gashuwa. Aka kawo sabon manaja, saurayi, wanda leburori suka sa wa suna Ɗan Sauri tun makonsa na farko, domin ko gaisuwa a tafe yake amsawa. Ba mugun mutum ba ne. An gina masa gida a kan tudu, rijiya kuma tana ƙasa wajen kogi, tsakaninsu taku ɗari uku. Matarsa za ta iso da jariri nan da mako uku, kuma ya yi mata alkawari a wasiƙa cewa za ta tarar da ruwa a cikin gida. Aka tura Baba ya ja bututun, ni kuma aka tura ni in zauna a reshen a matsayin akawu da tafinta. Muka hau babbar mota ɗaya daga Nguru a farkon sanyi, shi a baya tare da bututu, ni a gaba tare da direba.

Rana ta uku da hantsi Ɗan Sauri ya sauko ya ga aiki. Ya tarar da rami bai wuce taku arba'in ba, ga tulin buhuna, ga garwar kwalta a kan wuta, ga Baba a tsugune yana murza igiyar kaba a cinyarsa. Ya kira ni. Ya ce in tambayi tsohon nan ko kabari yake haƙa wa bututun. Na tambaya, na bar maganar kabari. Baba ya miƙe, ya goge hannu, ya fara bayani a tsanake yadda ya saba, daga tushe.

"Gaya masa a wurin Mai Lofe na koya. Shi ya ce mini a ƙasarsu, in sanyi ya yi tsanani, ruwa yakan daskare a cikin bututu ya zama ƙanƙara, ya fasa ƙarfen. Shi ya sa suke binne shi da zurfi, su naɗe shi."

Ya dakata don in juya maganar da Turanci, na juya. Ɗan Sauri ya dube ni, ya dubi rana, sannan ya fashe da dariya har ya dafa gwiwa. Leburori suka ajiye diga suka matso. Shugabansu, wani Babarbare mai barkwanci da ake kira Kyari, ya tambaye ni abin da aka ce, na gaya masa.

"Haba Malam Garba!" in ji Kyari. "Ƙanƙara ai daga sama take faɗowa, da damina. Ta ina za ta shiga bututu? Ko za ta yi sallama ne a bakin rijiya?"

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi. Ina so Baturen ya ga cewa ni ba irin tsohon nan ba ne, na san Gashuwa ba Ingila ba ce. Baba bai yi fushi ba. Ya tsaya da igiyarsa a hannu har dariyar ta lafa, sannan ya ci gaba da murya ɗaya da ta farko.

"Gaya masa wannan dalilin Mai Lofe ne, ba nawa ba. Ni na san ba ƙanƙara a nan. Abin da na gani da idona shi ne, ƙarfe yana miƙewa in rana ta buge shi, yana tsukewa in sanyin asuba ya kama shi. Bututu mai tsawon wannan, in an bar shi a sarari, kullum zai yi tafiya ya dawo. Gaɓoɓin za su saki, su fara ɗiga, wata rana ɗaya ta tsage. Kuma in bazara ta zo, ruwan da ya kwanta a ciki da azahar zai iya saluɓe fatar mutum. Ya ce akwai jariri. Rigar da ta hana sanyi shiga a ƙasarsu, ita ce take hana zafi shiga a tamu."

Ɗan Sauri yana goge hawayen dariya. Ya tambaye ni, "Yanzu kuma me yake cewa?" Na daɗe ina auna wannan lokacin, kuma ba zan ce na ruɗe ba ne ko Turancin ya gagare ni. Na san kowace kalma. Abin da ya faru shi ne, na riga na yi dariya, kuma in na faɗi sauran maganar, dariyar za ta dawo kaina. Na ce masa, "Maganar ɗazu yake maimaitawa, ranka ya daɗe."

Manaja ya ce a daina haƙa, a shimfiɗa bututu a kan ƙasa, a gama cikin kwana uku. Na gaya wa Baba. Ya dube ni na ɗan lokaci, irin kallon da yake yi wa gaɓar da yake zargin tana ɗiga, sannan ya ce:

"Gaya masa ya yi haƙuri. Ba zan haɗa shi a sama ba. Duk wanda ya ƙone da ruwan nan zai tambayi wa ya haɗa."

Wannan ma na taƙaita shi. Na ce ya ƙi. Ɗan Sauri ya ce wanda ya ƙi umarni ya ajiye aiki. Baba ya wanke sifanunsa da kananzir, ya jera su a akwati, ya kashe wutar kwalta da kansa don kada ta kama ciyawa, ya yi sallama da leburori ɗaya bayan ɗaya. Yana tafiya Kyari ya ɗaga murya ya ce, "Sai wata rana, Baba Ƙanƙara!" Daga nan sunan ya fito. Takardar sallamar da aka aika babban ofis a Nguru, ni na buga ta a tafireta. Babu kuskure ko ɗaya a cikinta.

Wanda ya bar aiki ya bar kwatas. Bayan wata guda da na je gida, na tarar da su a wani ɗaki da abokin Baba ya ba su aro a can ƙarshen gari. Rijiyar unguwar tana da nisa, ga zurfi. Na haɗu da Iya a hanya da tulu a ka, ta ɗaure wuyanta da tsumma. Na ce ta kawo in ɗauka, ta ce farar rigata za ta ɓaci. Baba kuwa ya kafa rumfa a kasuwa yana liƙin garwa da fitila da dalma, yara suna wucewa suna kiran sabon sunansa, domin direbobi sun riga sun kawo labarin. Da muka zauna cin tuwo, Iya ta sa ni gaba.

"Akawu, kai da kake tsaye a wurin, gaya mini. Me mutumin nan ya faɗa wa Bature har aka kore mu daga bakin famfo?"

"Iya, saɓani ne kawai aka samu."

"Saɓani? Kai ba aikinka ke nan ba, hana saɓani? Ko shi ne ya yi taurin kan Kanawa?"

"Bar shi ya ci abinci," in ji Baba. "Taurin kan ne."

Da zan koma ya raka ni tasha. Bai yi maganar abin da ya wuce ba. Sai da direba ya tayar da inji ya ce mini, in na isa, in kafa turke a gefen bututun kusa da tankin da ke kan tudu, in yi zane da ƙusa a jikin ƙarfen daidai turken da sassafe, in koma in duba bayan azahar. Na yi yadda ya ce. Wani mai haɗa famfo da aka ɗauko daga Kano ya riga ya shimfiɗa bututun a sarari, baƙi, miƙaƙƙe, gwanin kyau. Da safe na yi zanen, ƙarfen ya yi sanyi ƙalau. Bayan azahar na koma. Zanen ya wuce turken da yatsa uku, bututun kuma ya ɗan karkace a tsakiya kamar maciji mai shan hantsi. Washegari da safe zanen ya dawo daidai turke. Na yi mako guda ina zuwa ina dubawa. Na cire turken, ban gaya wa kowa ba.

Sauran ya zo yadda Baba ya lissafa, bi da bi. Kafin sanyi ya fita, kowace safiya sai a ga ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashin gaɓoɓi, awakin unguwa suka gane wurin suka mayar da shi mashaya. Bakanon da ya haɗa ya dawo sau biyu ya ƙara ɗaurewa, ya tafi. Da bazara ta kama, matar manaja ta buɗe famfo da azahar za ta tara ruwan wankan jariri, Allah ya sa ta fara sa hannunta. Ruwan ya ƙone ta, mako biyu hannun yana ɗaure. Bayan wannan da 'yan kwanaki, gwiwar bututun da ke gindin tanki ta tsage da safe, ruwan tanki duka ya bi gangare ya koma kogi. Ɗan Sauri ya tura mota Nguru takanas a ɗauko Baba.

A daidai inda aka yi dariya aka sake tsayuwa, ramin taku arba'in ɗin ma yana nan, iska ta cika rabinsa da rairayi. Leburori suna nan, Kyari yana nan. Zan ba Baturen haƙƙinsa: ya cire hularsa kafin ya yi magana. Ya ce in tambayi Baba ko ya san haka za ta faru. Baba ya ce ya sani. Ya ce in tambaye shi, to me ya sa bai faɗa ba, ya tsaya yana maganar ƙanƙara? Na juya tambayar da Hausa. Leburorin nan duk sun ji abin da Baba ya faɗa a ranar farko, abin da ba su sani ba shi ne ban isar ba. Kalma ɗaya daga bakin Baba ta isa ta tona mini asiri. Baba bai dube ni ba. Ya dubi tsagaggen ƙarfen, ya taɓa shi da yatsan ƙafa, ya ce:

"Gaya masa ni ne ban iya bayani ba a ranar. Tsufa ne."

Na buɗe baki, ina da zaɓi, kuma na san ina da shi. Na juya maganar kalma da kalma, ban rage ba, ban ƙara ba. Kyari ya dube ni, ya dubi Baba, ya ɗauki digarsa ya shiga ramin.

Kwana goma sha biyu aikin ya ci. Rami kamu biyu, kwalta, buhu, kaba, toka, ba abin da Baba ya tsallake, kuma bai yi sauri ba ko da manaja yana tsaye a kansa. Ranar da aka gama, ya ce kada a buɗe sai rana ta take tsaka. Matar manaja ta murɗa famfo, ta sa lafiyayyen hannunta a tsorace, sai ta bar shi a ciki. Ruwan kamar daga randa aka ɗebo. Kyari ya tara hannu biyu ya sha, ya ce, "Baba Ƙanƙara, na tuba, na bi Allah na bi ka." Sunan dai bai fita ba. Aikin ma bai dawo ba. An riga an ba wani gurbinsa a Nguru, mai takardar shaida, an ba shi ɗakinmu da famfon Iya. Baba ya hau bayan mota ya koma rumfarsa. Ni na ci gaba da zama a ofis, har aka ƙara mini girma.

Shekara goma sha ɗaya Iya ta yi tana zuwa rijiya. Baba yakan taya ta da garwa biyu a sanda in ya taso daga kasuwa, maza suna yi masa dariya, bai damu ba. Sai da aka ja ruwa cikin gari sannan na samu aka ba mu izinin shigar da shi gidan da suka koma. Baba ya tsufa, amma ya ce ba wanda zai haɗa wa matarsa bututu yana raye. Na cire rigar ofis na shiga rami na riƙe masa sifana. A cikin ramin nan, ba na ganin fuskarsa, na gaya masa abin da na yi a Gashuwa. Bai daina naɗa buhu ba.

"Shekara tara na yi da Mai Lofe," ya ce, "ba tafinta a tsakaninmu. Kana tsammani da hannu muke magana?"

"Ashe ka ji, Baba?"

"Ko ban ji ba ai na ga tsawon maganar. Tawa ta kai numfashi goma, taka ba ta kai biyu ba."

"To me ya hana ka gaya masa da kanka?"

"In na buɗe baki da Turanci a wurin nan, wa za a kora? Ni ina da sifana, duk inda na je zan ci tuwo. Kai me gare ka in ban da bakin nan? Riƙe nan da kyau, kana sakewa."

Na riƙe. Can na tambaye shi ko Iya ta sani. Ya ce shi bai gaya mata ba, kuma ba shi ya kamata in nemi gafararsa ba, domin ba shi ya ɗauki tulun ba. Da la'asar na same ta tana tankaɗe a tsakar gida, na durƙusa na faɗa mata duka. Ta ci gaba da tankaɗenta har ta gama. Sannan ta ce, "Tulu huɗu a rana, shekara goma sha ɗaya. Kai ne Akawu, sai ka lissafa." Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Rana ta huɗu aka saki ruwa. Ta tara kwanon sha a bakin sabon famfo, ta miƙa wa Baba ya sha, ta sha, ta tsaya tana kallona, sannan ta miƙo mini sauran. Shekara biyu ta yi tana goge bakin famfon nan da toka kafin Allah ya karɓi abarsa.

Ban hana ku kiransa Baba Ƙanƙara ba. Shi da kansa yana amsawa, har a ƙarshen rayuwarsa in yaro ya kira shi Malam Garba sai ya waiga ya ga ko da wani ake. Abin da nake roƙo shi ne, in za ku ba da labarin, ku fara da Mai Lofe da ƙanƙarar ƙasarsu, yadda shi ma ya fara. Za a yi dariya. Ku tsaya ta lafa, kamar yadda ya tsaya da igiyar kaba a hannunsa, sannan ku faɗi sauran.